Ganyen Auta

Ɓera na ashirin da huɗu yana ta iyo a cikin ƙaton bahon, Dakta kuma tana tsaye a kansa da agogo a hannu, tana tauna murfin biro. An kaɗa garin madara a ruwan don ya yi fari, a ƙarƙashinsa kuma akwai ɗan dandamali da ido ba ya gani. Kwana biyar ana koya wa ɓerayen inda yake. Wanda ya tuna sai ya miƙe kai tsaye ya hau ya zauna yana lasar gashinsa. Wannan kuwa, mai jan fenti a wutsiya, sau biyu yana gogar gefen dandamalin yana wucewa. Ko a jikinsa. Iyonsa yake yi a natse, kamar wanda ya fito shan iska.

"Minti ɗaya ya cika," in ji Sarkin Ɓeraye. Ya sa hannu ya tsamo shi, ya naɗe shi da tawul yana yi masa sannu.

Sarkin Ɓeraye dattijo ne da ke kula da dabbobin ɗakin binciken. Ɗalibai ne suka laƙaba masa sunan, ya bi shi har ya manta da jin haushi. Shi yake ɗura wa ɓerayen magani kowace safiya, kuma shi kaɗai ya san waɗanne ne suke shan ruwan ganyen, waɗanne ne suke shan ruwa zalla, masu jan fenti ko masu shuɗi. Dakta ce ta kafa dokar da bakinta. Tana yawan gaya wa ɗalibai cewa in mai bincike ya san wanda ya sha magani, idonsa zai ga abin da zuciyarsa take so. Amsar tana cikin ambulan, ambulan ɗin yana cikin aljihun teburin dattijon, makullin kuma yana rataye a wuyansa.

Ta duba takardarta, ko da yake ta riga ta haddace abin da ke ciki. Masu shuɗi goma sha biyu duk sun gano dandamalin. Cikin masu ja goma sha biyu, tara sun manta.

"Baba, ba ni ambulan ɗin."

"Sai jibi, gaban Farfesa. Haka kika rubuta, kika sa hannu, ni ma na sa."

"Ni na rubuta, ni kuma na ce a buɗe."

"Ke kika ce mini ko kuka na ga kina yi kada in ba ki." Ya mayar da ɓeran keji ya rufe. "Ga shi ko kukan ma ba ki fara ba."

Ta fita baranda, ta dawo. Ta wanke kwalabe uku da aka riga aka wanke. Ta kira lambar Yaya, ta yi ta ƙara har ta katse.

Shekara huɗu ke nan Dakta tana aiki a kan wani ganye mai ɗaci da masu magani suke ba mai yawan firgita. Aikinta ƙwaƙwalwa ne, yadda tsoro yake shiga cikinta da yadda tunawa take zama. Bara ta nuna cewa ɓeran da ya sha ruwan ganyen yana daina ɓuya a lungu, ya fito fili yana yawonsa. An yi mata tafi a taro. Ita kuma, da yake baki ba ya riƙe daɗi, ta je gida ta ba da labari.

A gida ba Dakta ba ce, Auta ce. A gidan akwai Mama, wadda mantuwa ta kama shekara biyu da suka wuce, da Yaya, wadda ta rufe shagon ɗinkinta ta dawo jinya. Kullum da ƙarfe huɗu na yamma Mama takan miƙe ta fara neman Baba, mahaifinsu, wanda ya rasu shekara bakwai da suka wuce. Ta leƙa kowane ɗaki, ta je ta kama ƙofar gida tana jijjigawa tana kuka, ta ce an hana ta fita ta nemo mijinta. Sati shida da suka wuce Yaya ta tare Auta a kicin ta ce, "Ɓeraye sun fi uwarki daraja ne?" Washegari Dakta, mai dokoki, mai sa hannu a takarda, ta ɗibi garin ganyen a kwalba ta kai gida a cikin jakarta. Cokali ɗaya a ruwan zafi, ƙarfe uku da rabi. Cikin kwana huɗu Mama ta daina zuwa ƙofa.

Shi ya sa yau zama ya gagare ta. In masu shuɗi ne suka sha ganyen, to ta yi wa uwarta gata. In masu ja ne, sati shida ke nan tana ɗura mata mantuwa a kan mantuwa. Natsuwar da ta gani a iyon masu jan nan ba ta yi mata daɗi ba ko kaɗan, amma ta yi ta gaya wa kanta cewa ɓera ma yana da hali, wani mai garaje, wani mai sanyi.

Ta sake komawa wurin dattijon. Yana yanka karas ƙanana-ƙanana, bai ɗago ba.

"Baba, don girman Allah."

"Dakta, ni nake auna garin nan duk ranar Litinin." Ya ture karas ɗin gefe da bayan wuƙa. "Kwalba ta uku ta ragu tun watan jiya. Ban rubuta ba, ban gaya wa kowa ba. Na san mai jiki tana gida."

Kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

"Ambulan dai ba zan buɗe ba," in ji shi. "Amma da ni ne, yau ba za a ɗora ruwan zafi a gidana ba."

Agogon bango ya nuna biyu da kwata. Ta bar rigar aikinta a kan kujera ta sauka da gudu.

Motarta tana wurin makanike tun shekaranjiya, sai ta shiga bas. Direban ya ƙi tashi sai ta cika, ta cika kuma ya tsaya shan mai. A babbar mahaɗa wata tirela ta lalace ta tare rabin hanya. Matar da ke gefenta tana ta ba wani labari a waya game da maƙwabciyarta da akuya, tana dariya tana dukan cinyar Dakta ba ta sani ba. Dakta ta kira Yaya sau tara. Ta san inda wayar take, a kan firij, a jikin caji, inda take kwana take wuni. Ta lissafa kwanakin da ta yi ba ta je gidan ba, ta samu ashirin da uku. Gwajin ne ya riƙe ta, haka take cewa, amma gaskiya tunda aka ce Mama ta natsu sai ita ma ta samu sararin yin nisa. Da ta ga cunkoson ba na ƙarewa ba ne, sai ta sauka ta ƙarasa da ƙafa.

Ta sami Yaya a kicin tana juya cokali a kofi, tururi yana tashi.

"Kada ki ba ta."

"Ko sallama babu? Wa ya koro ki?"

Ta yi mata bayani a tsaye, tana haki, bahon da dandamalin da jan fentin. Yaya ta saurara hannunta a ƙugu.

"To ɓeran ne ya ce miki Mama ma haka?"

"Yaya, ta ƙara mantuwa ko ba ta ƙara ba?"

Yaya ta kawar da kai. "Ciwon ai dama gaba yake yi. Likitanta ma ya faɗa."

"Ta ƙara ke nan."

"Ganyen ne ko ciwon?"

"Ban sani ba. Mutum ɗaya ce, ba ni da wata Mamar da zan gwada ta da ita."

"In an daina, abin da ya tafi zai dawo?"

"Shi ma ban sani ba. Sai nan da wata guda ɓerayen za su nuna."

"Karatun nan naki dai." Yaya ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ni bari in gaya miki abin da na sani. Na san sau nawa na ce mata Baba ya rasu, ta faɗi ƙasa kamar yanzu aka aiko. In na ce ya tafi kasuwa kuma ta ce in raka ta. Kin taɓa riƙe uwarki ta baya tana cizon hannunki? Sati shidan nan tana cin abinci, tana barci, ni ma na san ina da gado. Ke kina can kina wa ɓera wanka."

Babu ƙarya ko ɗaya a maganar, shi ya sa ta yi zafi. Yaya ta kamo hannunta ta danƙa mata kofin.

"Ke kika kawo, ke za ki yanke. Amma in kin zubar, ke za ki tsaya a bakin ƙofar nan, ba ni ba."

Mama tana zaune kusa da taga a ɗakinta, hannuwanta a kan cinya. Ta yi ƙiba kaɗan, fuskarta ta yi sumul. Zuwan Dakta na ƙarshe, tun daga bakin ƙofa Mama ta ce, "Auta, wannan rama fa? Ba sa ba ki abinci a wurin aikin?" Yau ta ɗago ta dube ta da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo.

"Sannu da zuwa, baiwar Allah. Shigo mana, ga kujera."

Dakta ta zauna. Kofin yana hannunta, ba ta miƙa shi ba. Mama ta dubi kofin, ta dubi fuskarta.

"Ke kuwa me ya tayar miki da hankali haka? Sha abinki, yarinya, zai sanyaya miki rai. Ni ma shi ake ba ni."

"Na gode, Mama."

"Mahaifiyarki tana raye?"

"Tana raye."

"To ki riƙa leƙa ta. Uwa ba ta faɗa, amma tana ƙirga kwana."

Dakta ta tashi ta tura tagar, ta juye kofin a kan ƙasar da ke bayan ɗakin. Yaya tana tsaye a bakin ƙofa tana kallo.

"Yaya, je ki kwanta. A gyara mini ɗaya gadon, zan kwana biyu a nan."

"Kwana biyu," in ji Yaya. Ta juya ta tafi.

Dakta ta cire takalmanta, ta jawo kujerar kusa da ta Mama har gwiwoyinsu suka haɗu. Saura minti goma ƙarfe huɗu ta cika. Ta san ganyen ba zai bar jiki a yini ɗaya ba, ita ta auna hakan da hannunta, amma duk da haka ta kasa ɗauke ido daga agogon. Tsoro take ji, da kunyar abin da take roƙo a ranta. So take uwarta ta miƙe ta nufi ƙofa tana kuka tana kiran Baba.