Taraktar Da Ke Harbi

Baba Bakanike ya toshe ramin fulogi na farko da babban yatsa, ya ce wa mijin 'yarsa, "Juya injin a hankali. A hankali na ce, ba kan mutum kake wankewa ba."

Mijin 'yar nan mai aski ne. Gaisuwa ta kawo shi da farar rigarsa, sai ya tarar an baje cikin tsohuwar tarakta a rumfa, hadari na taruwa, gona kuma ba a taɓa ta ba. Kun san surukin da ke neman suna: tun ba a tambaye shi ba ya naɗe hannun riga.

Ita taraktar nan ta girmi duk 'ya'yan gidan. Ba ta san makulli ba, da ƙarfen murɗawa ake tayar da ita ta gaba. Kuma tana da hali. In aka saita wutarta daidai, sai ta tashi lafiya lau. In wutar ta riga lokacinta ko da kaɗan ne, injin ya juyo da baya, ƙarfen ya harbi mai murɗawa. Wuyan hannun Baba na dama a karkace yake tun yana saurayi, aikinta ne. Shi ya sa yanzu sai dai wani ya murɗa masa.

Iskar cikin injin ta turo yatsan Baba, alamar an zo wurin da ake saita wuta. "Tsaya nan."

Saura ya leƙa ɗan ramin da ke gefen inji, ya ga zanen da ke jikin babban faifan ƙarfe ya yi daidai da tsinken da ke nuna shi. Ya durƙusa. 'Yarsa, da cikinta ya yi nauyi, ta haska masa tocila. Ya leƙa da idon dama, ya leƙa da na hagu. Hazo kawai. Wani abu ya yi masa kama da zane, wataƙila kuma tsatsa ce.

Idon Baba ya daɗe da fara tafiya, bai gaya wa kowa ba. Bakaniken da aka ce ba ya gani, wa zai sake kawo masa ko keke?

"Ya yi, Baba?"

"Ya yi mana. Yau na fara?"

Ya sassauta notin distiributa, mai raba wa fulogai wuta, ya juya ta yadda hannunsa ya saba, ya ɗaure. Ya mayar da fulogi.

Inna, matarsa, tana zaune bisa tsohuwar taya tana kallo. "Malam, gumin me kake yi haka? Iska ake yi fa."

"Ke dai ki yi abin da ya kawo ki."

"Kallo ne ya kawo ni."

Mai aski ya tofa yawu a tafi, ya kama ƙarfen, ya zagaye shi da yatsu biyar kamar ya riƙe almakashi.

"Cire babban yatsanka! Ka ajiye shi gefe ɗaya da sauran. Kuma sama za ka ja, kada ka danna ƙasa."

"Haba Baba, ai ni da ƙarfe mun saba."

"Da reza kuka saba," in ji matar mai askin. "Ka bi a hankali, don Allah."

Baba ya kunna wuta. Ya dubi hannun nan mai laushi, wanda bai taɓa ɗaukar abin da ya fi kwalbar turare nauyi ba. Da shi yaron ke ci, da shi zai ciyar da abin da ke cikin 'yarsa. Ya tuna ƙarar da nasa ƙashin ya yi, ƙas, kamar an taka busasshen kara, da yadda hannun ya rataya yana lilo. Zuciya ta ce masa ai sau dubu ka yi wannan aiki. Wata zuciyar ta ce, da ido ka yi.

Mai aski ya sunkuya, ya ja numfashi, kafaɗarsa ta ɗaga.

"Sake shi!"

Tsawar ta sa kaji suka watse. Mai aski ya yi tsalle baya har ya zauna cikin tiren baƙin mai. Baba ya kashe wutar, ya dafa taya.

"Auta," ya ce wa 'yarsa, murya ƙasa-ƙasa, "zo ki leƙa mini ramin nan. Ban ga zanen ba. Ba na ganinsa."

Aka sake cire fulogi, aka juya injin har inda aka tsaya ɗazu. Auta ta durƙusa da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu.

"Baba, babu zane a nan." Mijinta ya ƙara juyawa kaɗan-kaɗan. "Yawwa, ga shi. Da saura kusan faɗin yatsa biyu."

Mai aski ya dubi hannunsa, ya ɓoye shi a hammata.

Auta ta riƙa faɗa, Baba na juya distiributar da hannu, har aka ɗaure notin. Mai aski ya kama ƙarfen, wannan karon yana karanto duk addu'ar da ya sani. Ja ɗaya, taraktar ta yi tari. Na biyu, ta kama, rumfa ta cika da hayaƙi.

Baba ya zauna kusa da Inna. Bai dube ta ba.

"To, kin ji."

"Na ji me? Malam, tun ranar da ka yi wa buhun taki sallama a zaure, har ka tsaya jiran ya amsa, muka sani."

"Kuka yi shiru?"

"Jira muke ka gaya mana."

Ɗigon ruwa na farko ya bugi kwanon rumfa. Mai aski, da baƙin mai a bayan farar rigarsa, ya ɗaga murya sama da ƙarar inji. "Baba, ka hau mu tafi!"

Baba ya daɗe yana kallon wajen da kujerar take.

"Hau kai," ya ce. "Zan zauna a gefenka in gaya maka. Ramuka dai kai za ka duba mana."