Sabon Injin Kumfa

"Yaya, kashe shi! Kashe!" Auta ke ihu, ga kumfa mai ɗoyi tana tumbatsa daga sabon injin, tana malala a falo.

Yayar ko waiwayowa ba ta yi ba. Tsohon injin da ke tsame datti daga ruwan gishirin tankin kifinta ya gaza, murjanin teku masu rai da take raino a ciki kamar 'ya'ya duk sun tsuke, sun fara koɗewa. In ta kashe wannan ma, sai dai ta kwashi gawa.

"Na ce ki sayi ƙarami, kika kinkimo mai girman randa," in ji Auta.

"Bakinki ya huta. Miƙo min tocila."

Ta durƙusa ta haska ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin na kifin, inda injin ke zama. Ashe a gurbin tsohon ta zaunar da sabon, alhali sabon ba ya son zurfi, ruwa ya kai masa wuya. Ta fizgo kwandon roba ta kife a ciki, ta ɗora injin a kai, ta sassauta famfonsa.

Kumfar ta ja da baya. Can sai ga datti baƙi ƙirin yana taruwa a kofin da ke saman injin. Kafin yamma murjanin sun fara buɗewa, suna rausaya.

"Wa ya ce ƙarami?" Yayar ta tambaya tana taka rawa da tsumma a hannu.

"Ni? Sharri ne, Yaya!"

Sai aka buga ƙofa. Wani dogon mutum ne, rungume da kwamfuta tana ɗigar ruwa.

"Ni ne sabon ɗan haya a ɗakin da ke ƙasanku," ya ce. "Tekun wa ke zuba a kan teburina?"