Jan Satin Almu

Ina riƙe da kan wayar a falonsu, Baturen kamfanin gidajen hutu yana jiran amsa, Almu kuwa yana kishingiɗe a doguwar kujera an tokare masa baya da filo, yana girgiza mini kai.

"Malama, ki ce masa a'a."

Matarsa Hansai tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Na gaya wa Baturen za mu yi shawara, na ajiye wayar.

Ni ce a flat ɗin sama da nasu a unguwar Lewisham ta Landan, ina zaune wajen 'yata mai aikin asibiti tun da na bar koyarwa a gida. Ba don Almu bai iya Turanci ba ake kirana in yi masa waya. Ciwon huhu ne ya cinye masa numfashi, jimla biyu sai ya tsaya ya huta.

Aikinsa rakiya ne. A shekarun nan da kuɗin mai ya ɓarke, manya suna ta sauka daga gida, shi yake tarbo su, ya kai su kantuna, ya kai su wajen likitocin Marylebone, ya riƙe musu jaka. Wani daga cikinsu, Alhaji Zailani, ya ja shi wani otal inda ake tallar gidajen hutu na bakin teku a Sifen. Ba gidan kake saya ba, sati ɗaya kake saya a cikinsa, ya zama naka duk shekara. Alhaji ya sayi wata guda. Almu ya sayi sati.

Ranar ya hawo har sama ya yi mini bayani. Akwai tsayayyen sati da ba ya motsi, akwai mai yawo wanda sai ka kama gurbi kowace shekara. Kuma satittikan suna da daraja: ja na tsakiyar zafi, fari na gefe-gefe, shuɗi na hunturu. Mai ja yana iya musanya nasa da kowanne, a kowace ƙasa, mai shuɗi kuwa sai abin da aka rage. Shi ya ɗauki tsayayye, ja, satin ƙarshen Agusta. Na ce masa na ga an sayi gona, na ga an sayi rijiya, amma ban taɓa jin wanda ya mallaki sati ba. Ya yi dariya ya ce boko ya sa mini gardama.

Don Hansai ya saya. 'Yar Yelwa ce, a bakin kogi ta girma, kuma tun zuwanta ruwan da take gani shi ne na Deptford, mai laka da ƙarafan jirage, idan ta je sayen kifi.

Abin da bai duba ba shi ne wata. Ya kalli kalandar bango, ya manta azumi yana ja da baya kowace shekara. Shekarar farko ma azumi ya shigo cikin satin nasa. Na tuna masa matafiyi yana da sauƙi, ya sha ya rama. Ya ce tafiyar shaƙatawa ba tafiya ba ce, haka malaminsu ya faɗa, kuma da wane ido zai ci abinci da rana tsaka a cikin masu ɗan kamfai. Na ce malamin nasu ya taɓa ganin teku? Ya ƙi musanyawa kuma, wai ba zai ba da ja ya karɓi fari ba. Haka Agusta uku suka wuce, ɗakin yana can a kulle.

A shekara ta huɗu lissafi ya nuna za a yi sallah kafin satin ya kama. Ya sayi akwati, ya sayo wa Hansai takalman roba. Sai tari ya kama shi da hunturu bai sake shi ba. Likita ya kira Hansai gefe, ni ina fassara mata, ya ce idan akwai inda suke son zuwa su je yanzu.

Shi ya sa nake riƙe da wayar ranar. Kamfanin ya yarda ya karɓi Agustan bana ya ba su sati a Afrilu, a gini ɗaya, ko kuma wani gida a bakin tafki a Sikotlan wanda jirgin ƙasa ma zai kai su.

Hansai ta ajiye ludayin ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa.

"Malam, ruwan Afrilu da na Agusta ba ɗaya ba ne?"

Ya ce bai sa ta jira shekara uku don ya kai ta na masu araha ba. Ta ce ita ba ta san ja ba, ba ta san fari ba, tana so dai su je tare. Ya rufe ido kamar barci. Da ta koma kicin na matsa kusa da shi, tunda na girme shi, na ce ai ya san abin da likita ya faɗa, ya daina wasa da hankalin yarinyar nan.

"Na sani, Malama." Ya huta. "In na canza, na yarda da maganar likita ke nan."

Na gyara masa filon.

Afrilu ya wuce. Ya daina saukowa daga gado. Akwatin yana saman kabad inda yake iya ganinsa, wani lokaci ya tambayi Hansai ko ta gwada takalman, ta ce ta gwada, daidai suke. A farkon Yuni, wata Asabar da hantsi, ta leƙa kasuwa ta bar ni da shi. Masu kayan lambu suna ta kiran farashi a titi. Ya nemi ruwa, na ba shi, ya kurɓa kaɗan, ya tambaye ni ko an fara zafi a waje. Na ce an fara. Lokacin da Hansai ta turo ƙofa da ledar kifi na riga na shafe masa ido. Ta tsaya ta dube shi, ta wuce ta sa kifin a firji, sannan ta dawo ta zauna.

A nan Landan aka binne shi. Alhaji Zailani ya zo gaisuwa, ya ce in tana so zai karɓi satin ya hutar da ita. Ta yi godiya, ta ce a bar shi tukuna.

Takaba ta haɗiye Agustan. Na so in ce mata ban ga abin da zai ragu a kabarinsa ba idan ta ga ruwa, amma na dubi fuskarta na fasa. Ana saura kaɗan a fara azumi ta hawo sama, abin da ba ta saba ba, ta ce in kira mutanen kamfanin nan in tambaya wane sati ya rage bayan ta fita takaba. Na kira. Baturen ya ce an makara, fararen duk sun ƙare, sai Nuwamba, kuma ya ga ya kamata in san asara ce babba a ba da ja a karɓi shuɗi. Na gaya mata yadda ya faɗa.

"Gwaggo, ki karɓa. Ki shirya kuma, da ke za mu."

Da muka isa a Nuwamba, muka sami garin rabinsa a rufe. An kwashe ruwan wurin ninƙaya, ganye ya taru a ciki. Ɗakin ƙarami ne, da kujeru biyu a baranda. Hansai ta buɗe akwatin Almu, ta ciro takalman robar, har lokacin suna ɗaure da zaren kanti. Ta tsinke zaren da haƙori.

Muka gangara bakin teku. Iska tana kaɗa mana mayafi, babu kowa sai wani tsoho da karensa can nesa. Ta tattare zaninta ta shiga har ruwan ya rufe mata idon sawu. Na tambaye ta yaya.

"Da sanyi," ta ce.

Ba ta fito ba. Na zauna a kan yashi na riƙe mata jaka.