Teburan Aro

"Ka tashi ka faɗa da bakinka!" in ji Mushe Zakari, wato Malam Zakari, direktan lakwal, makarantar bokon garinmu. "Mangazarka ce, amalankenka ne, shanunka ne suka jawo kayan. Kai za ka tashi."

"Ni?" Alhaji Mai Nasara ya dafa ƙirji. "Gaban ƙauye goma sha huɗu in miƙe in ce 'ya'yan Tudun Gawasa a ƙasa suke zama kamar kaji? Ɗan nan, ka san da wa kake magana kuwa?"

"Da shugaban kwamitin lakwal nake magana. Ba don zaman kujera aka zaɓe ka ba."

"To kai ka tashi mana. Ai hannunka ne a takardar."

Ina tsaye tsakaninsu a bayan ɗakin taron magajin gari, da gutsuren burodin da aka raba mana lokacin hutu, ina ci ina kallon wannan ina kallon wancan. Ni ce Aliya, shugabar iyaye mata ta lakwal. Ba ilimi ya ba ni muƙamin ba, karatuna na yaƙi da jahilci ne, rani biyu. Matan gari suka ce tunda bakina ba ya hutawa, gara a ba shi aiki.

Ga abin da ya haɗa su. Shekara uku da suka wuce ofishin anspekter, mai duba makarantu, ya fito da tsarin gyaran makarantun yankinmu, takarda mai kauri, kowace lakwal da abin da za a yi mata. Bana aka ce za a duba ina aka kwana. Aji uku na siminti suka rage a cikin tsarin, kuma an faɗa mana ƙarara: garin da aka tarar ya fi kowa buƙata shi za a gina wa.

Wa ya fi mu? Ajinmu huɗu, duk na kara ne. Yaran wasu garuruwa su koma karatu farkon Oktoba, namu sai an yanke gero, an samu kara, an kafa rumfuna, wata biyu sun tafi. Hadarin farko kuma ya kwashe rumfunan, karatu ya ƙare. Jikata Rahama a kan tsohon buhu take zama, kayenta, wato littafin rubutu, a gwiwa, shi ya sa rubutunta kamar sawun ƙadangare. Aji ukun nan namu ne tun kafin a auna.

Sai aka aiko cewa Madam Ramlatu ta ofishin anspekter za ta zo ranar Talata ta gani da idonta.

To mu a garinmu baƙo ba ya ganin tsiraicin gida. Ran da surukai za su zo, matar da ba ta da kwano biyu za ka tarar da jeren tasoshi har rufi. Tabarma aro, labule aro, na san gidan da aka ɗaure tunkiyar maƙwabta a tsakar gida har baƙi suka tafi. Ba zan faɗi gidan ba, amma mai gidan yana sa jar hula. Babu wanda ke kiran wannan ƙarya. Mutunci ne.

Aka zauna shawara. Alhaji ya ce zai kwashe gyaɗa daga mangazarsa, ɗakin ajiyarsa mai ɗaki biyu, a shafa mata farar ƙasa, a zuba yara ciki. Aka ce to tebura fa? Nan wata mai wayo ta ce ai ƙauyen Dogon Marke suna da su, ƙanwarta Fati tana aure can, direktansu Mushe Tahiru ba zai hana ba. Mai wayon nan ni ce. Allah ya gani, har guɗa aka yi mini.

Mushe Zakari kaɗai ya ƙi. Ya ce, "Ku bar ta ta ga abin da ke akwai. Don shi za ta zo." Aka taso masa. Aka ce shi ɗan Birnin Damagaram ne, in an yi wa gari dariya babur zai hau ya tafi gidansu. Alhaji ya tuna masa shekara tara akushinsa daga wane gida yake fitowa. Ya sa hannu a takardar da za a ba Madam, irin sa hannun da tuwon wani ke sa mutum.

Talata Madam ta zo ta tarar da aljanna. Tebur ashirin, labulen surukata a taga, rumfunan kara kuwa mun rataya musu igiyoyi mun ce na dabbobi ne. Rahama ta zauna gaba tana shafa katako kamar an ba ta amana. Madam ta ɗauki hoto da wayarta, ta ci kaza biyu, ko dai ta ci ɗaya direba ya ci ɗaya, ta tafi.

Abin da ba mu sani ba, Laraba Dogon Marke za ta. Teburansu kuwa suna nan wurinmu, don Alhaji ya tura amalanke kai gyaɗa garin Droum, ya ce tebura ba sa ruɓewa. Ta isa ta tarar da yara zube a ƙasa. Fati ta ba ni labari cewa Mushe Tahiru da ya hango ƙurar mota sai ya kulle ajinsu biyu na siminti, ya ce sun tsage, ya fito da yara gindin marke, har marasa takalma ya jera gaba.

Yau kuma, a taron dubawa, Madam ta karanta: Tudun Gawasa, yara duka cikin gini, kowa da wurin zama, buri ya cika. Aka tafa. Alhaji ya ɗaga hannu biyu kamar mai dawowa daga Makka. Bai sauke su ba ta karanta na gaba: aji uku na siminti, Dogon Marke. Ta ce a je hutu, in an dawo mai gyara ya faɗa kafin a rufe takarda.

Wannan hutun ne muke ciki.

"Inna Aliya, ki yi masa magana," in ji Mushe Zakari. "Jikarki ce a kan buhu."

"Aliya ta san mutunci," in ji Alhaji, bai ko dube ni ba. "Kara ai ba ya ƙarewa. Mu ma a ƙasa muka yi karatu, ga mu."

Na dube shi sama da ƙasa don in ga "ga mu" ɗin. Sai aka kira mu ciki.

Madam ta gyara tabarau ta ce, "Akwai mai gyara?" Fanka na juyawa. Alhaji ya fito da carbi. Mushe Zakari ya zuba wa takalminsa ido. Can gefe Mushe Tahiru ya haɗa hannu a ciki, fuska kamar ta maraya. Na ƙirga a raina har goma, na ga ba namijin da zai motsa, na dafa gwiwa na miƙe.

"Madam, 'yata, teburan da kika gani ba namu ba ne."

Na faɗi komai. Gyaɗa, farar ƙasa, labule, igiyoyi, amalanken da ya tafi Droum. Ban rage ko kaina ba. Shekara sittin ina ba da labarin mutane, ban taɓa ba da wanda babu ƙari a cikinsa ba sai wannan. Kuma shi ne aka yi wa dariya. Wani dattijo daga baya ya ce, "Ba ita ce ta ce limamin garinsu na rina gemu ba?" Ɗaki ya ɗauka. Yana rinawa kuwa, amma ba wurin faɗa ba ne.

Alhaji ya tashi yanzu, da ƙafafunsa suka samu lafiya. "A yi mata haƙuri, tsufa ne. Kowa ya san bakin Aliya. Tudun Gawasa ba ta taɓa aron ko allura ba."

"Mushe Tahiru?" in ji Madam.

"Ni dai abin da kika gani a wurina shi kika gani," ya ce, yana kallon rufi.

"Direkta Zakari?"

Ya daɗe kafin ya miƙe. Na san abin da yake aunawa: hannunsa a takarda, akushinsa a gidan Alhaji. Ya ce, "Duk abin da tsohuwar nan ta faɗa gaskiya ne. Na sa hannu a kan abin da na san ba haka ba ne. A hukunta ni, amma a zo a sake dubawa."

Dariya ta mutu. Na ce a raina shi ke nan, Rahama, kin tashi daga buhu.

Madam ta cire tabarau ta murza ido. Ba ta yi fushi ba, da ta yi ma da ya fi mini. Ta ce, "Inna, zauna, ƙafarki. Tun ranar na sani. Ajin da ke warin gyaɗa? Na leƙa ƙarƙashin tebur na ga an rubuta Dogon Marke da jan fenti."

"To me ya hana ki faɗa, 'yar nan?"

"Sau biyu na tambaya, akwai abin da kuke buƙata? Alhaji ya ce alhamdu lillahi. Ke kika ƙara mini naman kaza." Ta ɗago wani littafi mai sheƙi ta nuna wa ɗaki. "Rahoton ya riga ya tafi sama, ga shi an buga. A makarantu goma sha huɗu, taku kaɗai aka rubuta buri ya cika. In na janye ta, me zan nuna na shekara uku? Waɗanda ke ba da siminti in ba su ga ko ɗaya ta gyaru ba, su ɗauke hannu daga yankin gaba ɗaya."

"To gyaran da kika ce a faɗa fa?" in ji Mushe Zakari.

"Kuskuren suna, ko na lissafin yara. Za a sa ku a tsari na gaba, in Allah ya so. Nan da shekara uku."

Aka miƙo littafin hannu zuwa hannu har ya iso gare ni. A bangonsa Rahama ce, zaune a teburin Dogon Marke, labulen surukata a bayanta, tana dariya har haƙoranta na baya. Nan da shekara uku ta gama firamare, in ta gama.

Sai magatakarda ya ce akwai takardar yabo ga makarantar da ta fi kowa ci gaba, shugaban kwamiti ya fito. Wallahi na ɗauka Alhaji zai ji kunya. Ya gyara babbar riga, ya taka a hankali, ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta wajen mai hoto. Mutanen Dogon Marke suka fi kowa tafi.

"Direkta, zo mu tsaya tare," in ji Alhaji. "Abin da ya wuce ya wuce. A ofishinka za a rataya ta."

Mushe Zakari ya tattara kayensa ya cusa a jaka. "A jikin wane bango, Alhaji? Kara ba ya riƙe ƙusa."

Ya ratsa tsakanin kujeru, bai yi wa kowa sallama ba. Ƙofar ɗakin ta ƙarfe ce, mai nauyi, irin wadda aka zana mana a cikin tsari shekara uku da suka wuce. Ya fita, ya maido ta da ƙarfinsa duka. Garam!