Ƙudan Orvin Mai Ruwan Hoda

Akwai wani kifin teku da ake kira mai-doro, ba ya zuwa gaɓar tsibirin Whidbey sai bayan shekara bibbiyu. In ya zo bana, baɗi ko ƙeyarsa ba za a gani ba. Shi ya sa da watan Agusta ya kama, Orvin Haugland yake daina jin kira. Rufi ya yi ta yoyo, ciyawa ta kai gwiwa, shi dai yana ɗakin ajiye mota yana ɗaura ƙuda.

Ƙudan nan ba mai rai ba ne. Ƙugiya ce ake naɗewa da zare, a ɗaura mata gashin talotalo mai laushi da ɗan ƙyalƙyali, har ta zama abin da kifi zai gani ya kai cafka. Mai-doro kuwa ra'ayinsa ɗaya ne, ruwan hoda. Ba shi kore ya wuce ka, ba shi ruwan toka ya yi kamar bai san kana duniya ba.

Shekara arba'in ke nan babu wanda ya kai Orvin iya wannan ƙuda, har gida ake zuwa roƙo. Amma akwai abin da ya binne a cikinsa: tun da uwarsa ta haife shi, idonsa bai taɓa raba ruwan hoda da ruwan toka ba. Duk abu ɗaya yake gani. Ko matarsa Gudrun bai gaya wa ba, don kunya. Dabararsa ita ce, ranar da ya sayo gashi sai ya karanta rubutun jikin leda, ya zuba hoda a aljihun tebur na hagu, toka a na dama.

To bana 'yarsu ta haihu a can garin Spokane, Gudrun ta tafi taya ta zaman jego. Kwana uku da tafiyarta aljihun hagu ya maƙale. Orvin ya ja, ya ƙi. Ya fizga da ƙarfin tsiya, sai ga tebur a ƙasa, gashi ya tashi ya cika ɗaki kamar an fige kaji ɗari.

Ya tattara, ya fita da shi rana, ya ƙura masa ido. Har shinshinawa ya yi. Ya buga waya shagon kayan fatsa, aka ce ruwan hoda ya ƙare tun makon jiya, kowa ya wawashe. Sai ya zauna ya ɗaura ƙuda goma sha biyu da ka, yana ce wa ransa ai ko yaya ne rabi zai dace.

Da safe gaɓa ta cika. Mutane sun jeru cikin ruwa zuwa cinya, kowa da dogon wandon roba, sandunan fatsa suna ta kaiwa da komowa. Orvin ya wuce ta gefen ƙaramin jirgin ruwansa da ke ɗaure a bakin ruwa, ya ɗan shafa shi yadda ya saba. Da hannunsa ya fenta shi shekara talatin da suka wuce, ya haɗa ragowar fenti a bokiti, ya fito ruwan toka sak, irin na jiragen sojan ruwa. Yana ji da jirgin nan ƙwarai.

Kusa da shi Duane ya tsaya, ƙanin Gudrun, mutumin da bakinsa ba ya hutu.

Mutumin da ke dama da Orvin ya kama kifi. Na hagu ya kama. Duane ya kama biyu. Orvin ya cire ƙuda na farko ya sa na biyu, ya cire ya sa na uku. Kifi yana tsalle a gabansa, kamar da gayya.

Duane ya leƙo ya dubi abin da ke lilo a bakin zaren. "Yaya, rasuwa aka yi a gidan talotalo ne? Na ga ƙudanka yana zaman makoki."

"Gwaji nake yi."

"Oho. To kifin ka sanar da shi?"

"Kai dai ji da naka. Mutumin da ke ɗaura ƙuda kamar tsintsiyar bayi har ya sami bakin magana."

"Tsintsiyar dai ta share biyu," in ji Duane.

Orvin ya yi dariyar yaƙe. Ba rashin kifin ne ya dame shi ba. Tsoronsa kada yau a gane, a riƙa nuna shi a gari ana cewa ga gwanin ruwan hoda da bai taɓa ganin ruwan hoda ba.

Ana haka sai ga Marlys maƙwabciyarsu ta ratso ruwa, bakinta har kunne. Duk shekarar kifi sai ta karɓi ƙuda ɗaya a wurinsa, ta ce da shi take buɗe kasuwa.

"Orvin, ina nawa? Mai hodar nan sosai nake so."

Ya buɗe gwangwanin da yake zuba ƙudan a ciki. Ƙuda tara suna kwance a jere, dukkansu iri ɗaya a idonsa. Ya miƙa yatsa, ya tsaya. Ya koma kan wani, ya sake tsayawa. Ruwan da yake ciki sanyi gare shi kamar ƙanƙara, amma zufa ce ke bin bayansa. Marlys kuma ta shiga kallon tsuntsaye.

Sai hannun Duane ya ratso ta kafaɗarsa.

"Dubi rowa. Ya ga masu kyau, yana neman ya ɓoye." Ya tsinci ɗaya ya miƙa wa Marlys. Ya tsinci wani ya danna wa Orvin a tafin hannu, ya rage murya. "Biyu ne kacal. Kada ka bari ya tsinke."

Orvin ya ɗaura shi a bakin zare. Jifa na uku sanda ta lanƙwashe. Ya yi ta fama har ya jawo shi kan tsakuwa, namiji ne, doronsa ya fito sosai. Aka tafa masa. Shi kuwa ko murmushi bai iya ba.

Da rana ta ɗaga suka zauna a kan wani kututture da teku ya jefo, Duane yana zuba kofi daga flas.

"Tun yaushe ka sani?" in ji Orvin, bai dube shi ba.

Duane ya hura kofi ya kurɓa. Ya nuna bakin ruwa da haɓa. "Tun ranar da ka fenta wancan."

"Jirgina? Me ya same shi?"

"Yaya, jirgin nan ya fi kek ɗin bikin 'yan mata hoda. Masu yawon buɗe ido har hoto suke tsayawa yi da shi."

Orvin ya juya ya dubi jirginsa. Yana nan yadda ya san shi, ruwan toka, irin na soja.

"Marlys ma?"

"Marlys, fasto, mai kawo wasiƙa. Gudrun ce ta bi mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ya buɗe baki, shi da ita. Kuma duk shekarar kifi, in ka kwanta baccin rana, sai ta shiga ta tsince tokar da ta ɓata hanya ta faɗa aljihun hagu."

Orvin ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, haushi ya biyo baya. Can sai ya tuna wani abu.

"Tsaya. Sau biyar na sake wa jirgin nan fenti. Ita take sayowa, ta juye mini a bokiti. In ta san ba na gani, me ya hana ta sayo ruwan tokan gaske, ta rufa mini asiri?"

"Na tambaye ta," in ji Duane. Wannan karon babu tsokana a muryarsa. "Ta ce ruwan toka ɓacewa yake a teku. Wannan kuwa ko ka kai bakin mashigi tana hango ka daga tagar kicin."

Orvin ya daɗe yana kallon jirgin. Ya ja hanci, ya ce iskar nan tana sa ido ruwa. Duane ya ce ƙwarai kuwa, bana iskar ta yi yawa.

Sai Orvin ya zaro waya daga aljihun ƙirji, ya miƙe ya nufi wajen jirgin yana lalubo lambar Gudrun a Spokane.