Kasko Mai Bango Biyu

Muhsinat ba ta taɓa koyon ginin tukunya ba. Injiniya ce, kuma da hannunta ta harhaɗa injin da ke shagonta a Maisandari. Takan zana abu a kwamfuta, ta ɗura kwaɓaɓɓen yumɓu a bututu, injin ya riƙa tatso shi siriri kamar taliya, yana zagayawa, layi kan layi, har abin ya tashi tsaye.

Wata safiya Hajja Gumsu, ƙanwar kakarta mai sayar da turaren wuta a kasuwar Gamboru, ta shigo da yatsu biyu a ɗaure.

"Kasko ne ya ƙone ni," ta ce. "Wuni nake ina ɗaga shi masu saye su ji ƙamshi. An ce injin nan naki babu abin da ya gagare shi."

"An ƙara gishiri, Hajja. Amma wannan kam zai yi."

Tun kafin tsohuwar ta tafi, Muhsinat ta san abin da za ta zana: kasko mai bango biyu, na ciki ya riƙe garwashi, na waje ya zama wurin kamawa, iska a tsakani. Ta jiƙa yumɓun da ake kawo mata daga Khaddamari, ta tace tsakuwa, ta murza shi har ya yi laushi. Injin ya gina kaskon tsaf. Ya bushe a inuwa, ta saka shi a wuta.

Ana cikin gashi sai ta ji fau! Da wutar ta huce ta kwaso gutsattsarin tana juya su. Ranta bai ɓaci ba, dariya ma ta yi. Ita ce ta kulle iska tsakanin bangon biyu ba ta bar mata ƙofa ba; da ta ɗau zafi, ta nemi hanya da ƙarfi. Ta koma kwamfuta ta huda ƙananan ramuka a gindi da baki. Na biyun ya fito daga wuta ja jawur, ta ƙwanƙwasa shi ya amsa da ƙara mai daɗi.

Da kanta ta kai shi Gamboru. Hajja Gumsu ta shafa layukan jikinsa, ta taɓe baki, ta zuba garwashi, ta barbaɗa turare.

"Ɗauka, Hajja."

"Ke fara ɗauka."

Muhsinat ta tallabe shi da tafin hannu biyu, ta tsaya cik, hayaƙi na tashi tsakaninsu. Sai tsohuwar ta karɓa. Ta jira zafi, ɗumi kawai ta ji.

Boniface mai shagon yadi da ke gefe ya leƙo. "Mama, wannan fa daga ina?"

"Jikata ce ta yi," in ji Hajja, ta miƙe da kaskon ta nufi layin 'yan atamfa, tana kiran matan da sunayensu su fito su gani.