Makunnin Gidan Tsoho Womack

Idan zafi zai iya kashe mutum yau, wutar lantarki kuma za ta iya kashe shi gobe, ko kuma ba za ta taɓa shi ba har abada, wanne mai gyara ya kamata ya tare? Shekara talatin ina aikin wuta a wannan yanki na Texas. Ban yi makarantarsa ba, da kaina na bi littafin ƙa'ida shafi-shafi, amma ban ga inda ya amsa wannan ba. Abin da na yi ranar kawai na sani.

Talata ce a watan Yuli, kwalta har laushi take yi. Lonnie Vasek, mai gyaran iyakwandishan, shi ya kira ni gidan Hollis Womack, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai shekara tamanin da ɗaya, mai ciwon zuciya, wanda yake zaune shi kaɗai. Injin sanyinsa da ke girke a bayan gida ya mutu sau uku tun safe. Bara ni na sa masa makunnin kariya, irin wanda ke katse wuta da ya ji tana yoyo ta inda bai kamata ba. Shi ne yake ta faɗuwa.

"Delbert, aikin minti biyar ne," in ji Lonnie. "Cire wannan mai tsoron, ka sa na gargajiya, tsoho ya sha iska."

"Ka auna injin?"

"Me zan auna? Kowa ya san halin makunnan nan, ko atishawa ka yi kusa da su sai su faɗi. Kai da kake kwana da littafi a ƙarƙashin matashi, ai ka san an ɗaga ƙafa."

Gaskiya ya faɗa. Littafin ya ce duk inda ake ɗibar wuta a kai wa na'ura, mafitar wuta ce, ko da soket ko babu, kuma ta waje a gidan zama tana son kariya. Sai sababbin injuna suka zo masu ɗan yoyo na halitta, makunnai suka yi ta faɗuwa a banza, aka sassauta wa iyakwandishan. Da na cire, babu sufeton da zai ce mini uffan.

"An ɗaga ƙafa ne don sababbi," na ce. "Wannan shekararsa goma sha huɗu, kuma shekara guda yana aiki da makunnin nan lafiya. Yau ya fara faɗuwa. Wani abu ya sake."

Tsohon ya leƙo ta ƙofar baya, singiletinsa ta jiƙe sharkaf. "Yara, wa'azi kuka zo yi ko gyara?"

"Baba, ka ba ni rabin awa. Ka je gidan Marlene ka jira, ba nisa."

Marlene 'yarsa ce. Fuskarsa ta ɗaure. "Ba inda za ni. Ranar da na kwana a gidanta, washegari a gidan tsofaffi zan farka. Takardun kai ni can suna cikin jakarta tun Kirsimeti, ta ɗauka ban sani ba."

Na kashe wutar injin, na buɗe shi, na jona mitar awo. Na so in tarar da kiyashi sun yi gida a akwatin, don wannan sharewa ce kawai. Babu. Yoyon daga cikin kwamfuresa yake, wato zuciyar injin, rufin wayarta ya fara cinyewa, wuta na taɓa jikin ƙarfen. Na bi wayar ƙasa, wadda ya kamata ta kwashe irin wannan, na ja ta da yatsa biyu. Ta gutsuro a hannuna, tsatsa ta gama da ita. Taku biyu daga nan tumatirinsa ne, da tiyo a yashe, da sawun ƙafa ba takalmi a jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Lonnie ya duba mitar ya sosa ƙeya. "Sabuwar kwamfuresa sai Alhamis. To ɗaura wayar ƙasa sabuwa, ka sauya makunnin, ya lallaɓa kwana biyu. Cikin gidan nan ya fi tanda. Ka ga launin leɓensa kuwa?"

Na gani. Na kuma san watakila injin ya lallaɓa ɗin, babu abin da zai faru. Wannan watakilar ce ta tsaya mini a wuya. Sau ɗari mutum zai yi haka ya wuce lafiya, kuma kowane ɗaya daga cikin ɗarin nan yana koya masa cewa daidai ya yi.

Na zare fis ɗin akwatin bango, wanda in babu shi injin ba zai tashi ba, na sa a aljihu.

"Wannan nawa ne," in ji tsohon. "Sata kake yi a gabana."

"Na sani, Baba. Alhamis zan dawo da shi."

"Zan kira wani."

"Kira. Zan nuna masa mitar."

Na shiga falonsa na zauna a kujera mai kallon tasa. Fanka na juya iska mai zafi kamar numfashin kare. Ya tambaye ni me nake yi, na ce jira nake, in yana nan ina nan. Ya zauna shi ma, ya harɗe hannu.

Lonnie ya tsaya a bakin ƙofa yana fifita da hula. "Jakuna biyu a ɗaki ɗaya. Wa zan fara kira wa motar asibiti?"

Minti ashirin muka yi, gumi na shiga mini ido. Ina kallon ƙirjin tsohon yana hawa da sauka, ina tambayar kaina ko taurin kaina ne zai kashe shi ba wutar ba. Hannuna ya kai aljihu sau biyu, na dawo da shi.

"Kai ma ba yaro ba ne, Delbert," tsohon ya ce can. "Za ka riga ni faɗuwa, a ce ni na kashe ka."

"Mai yiwuwa."

Ya warware hannuwansa. "Alhamis da kanka za ka zo ka ɗauko ni. Ba Marlene za ta kawo ni ba. In ta hana, ka ce sai mai gida ya sa hannu kafin a kunna."

"Ƙarfe goma ina ƙofarta."

"Kuma wannan mai surutun ya ba tumatirina ruwa."

Ya dafa hannun kujera ya miƙe a hankali, ya tattara kwalaben maganinsa a ledar burodi, ya ɗauki hularsa. Ya kulle ƙofar da kansa, ya gwada ta sau biyu, sannan ya taka zuwa a-kori-kurata ya buɗe gaba ya shiga.